Mancesta da Ƙauyukanta: Inda Jiniyar Masaƙa Ta Fara Yin Shiru

A tsakiyar birnin Mancesta na ƙasar Ingila akwai wani ƙasaitaccen gini da ake kira Royal Exchange. A da nan dillalan zare da yadi suke cika maƙil, musamman ran Talata da Juma'a, suna ƙulla cinikin tufar da za a yi lodinta zuwa Indiya da Sin da gaɓar Afirka ta Yamma. Can sama kusa da rufi akwai wani allo mai ɗauke da farashin auduga, an bar shi yadda yake tun ranar da kasuwar ta watse a ƙarshen shekarar 1968. A ƙarƙashinsa yanzu dandalin wasan kwaikwayo ne da wurin shan shayi. Na tsaya ina kallon allon nan har wuyana ya ƙage, ɗan ƙanwata da ya rako ni kuwa sai duba agogo yake yi.

"Kawu, mu hanzarta mu ga filin ƙwallo kafin ruwa ya sake saukowa," in ji shi.

Ban ga laifinsa ba. Bikin kammala karatunsa na jami'a ne ya kai ni garin a watan Yuli, kuma duk baƙon da ya zo masa daga gida filin Old Trafford yake fara tambaya. Ni kuwa wata Mancesta ce daban a raina. Na tashi a Kaduna a zamanin da jiniyar masaƙun Kakuri take zaman agogon gari. Idan ta yi kuka da ƙarfe biyu na rana sai titi ya cika da kekuna, masu tashi daga aiki suna kauce wa masu shiga, masu tuwo da masu rake da masu faci duk sun san kasuwa ta buɗe. A gidan baffana na yi makaranta, shi kuwa shekara ashirin da 'yan kai ya yi yana tsaye gaban injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun nan. Mahaifina manomin auduga ne a wani ƙauye kusa da Funtuwa. Wato da kuɗin kaɗa aka yaye ni, da kuɗin saƙa aka sa ni makaranta. Duka biyun kuma, in ka bi zaren, a wannan gari za ka sami bakinsa.

Tun ƙarshen ƙarni na 18 Mancesta da garuruwan lardin Lankasha da ke kewaye da ita suka mai da kaɗi da saƙa aikin inji. Suna da kwal a ƙarƙashin ƙasa, da ƙoramu masu gangarowa daga tuddai, da iska mai laima wadda ba ta barin zare ya yawaita tsinkewa, ga tashar jiragen ruwa ta Libaful a kusa. Abu ɗaya suka rasa, ita audugar kanta, domin ba ta yi a ƙasarsu. Daga jihohin kudu na ƙasar Amurka suke samun mafi yawanta, bayi baƙar fata ne kuma suke nomanta. Da yaƙin basasar Amurka ya ɓarke a 1861 sai auduga ta yanke, masaƙu suka tsaya, yunwa ta shiga gidajen ma'aikata. Tsoron dogara da gona ɗaya bai bar masu masaƙu ba, har a 1902 suka kafa ƙungiyar bunƙasa noman auduga a ƙasashen da Ingila ke mulka, wato BCGA, wadda bakin mutanenmu ya mayar Bisije. Shekara guda bayan haka Kano da Sakkwato suka faɗa hannun Lugga. Winston Churchill, wanda ya tsaya wa aikin shimfiɗa dogo daga Baro zuwa Kano yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, ɗan majalisa ne mai wakiltar wani yanki na Mancesta a lokacin, kafin nan kuma garin Oldham ya wakilta, cibiyar masana'antun kaɗi. Auduga suka hango. Da dogo ya isa Kano a 1911 sai lissafi ya sha bamban: masaƙan gargajiya sun fi Bature sayen kaɗa da daraja, manoma kuma suka ga gyaɗa ta fi riba. A ƙasar Zazzau da kudancin Katsina da Gusau ne Bisije ta sami gindin zama, ta kakkafa gidajen gurza. Kakana, daga baya mahaifina, a fuloti suke kai tasu a auna, a biya su farashin da aka yanka, a gurje ta, a ɗaure dila-dila, a yi Ikko da ita.

Na bar yaron ya tafi kallon filinsa, ni na nufi gidan tarihin kimiyya da masana'antu, wanda aka yi a harabar tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta 1830, tashar fasinja mafi tsufa da ta rage a duniya. A ɓangaren tufa an jera injina tun daga na shiɓa har na kaɗi da na saƙa, akan kuma tayar da wasu don baƙi su gani. Da ma'aikaciyar wurin ta kunna injin saƙa guda ɗaya tak, ƙoshiya ta fara kai da komowa kamar harsashi, 'yan makarantar da ke gabana suka toshe kunnuwa. Ta bayyana mana cewa a zauren da ake da irinsa ɗaruruwa ba mai jin maganar wani, don haka masaƙan Lankasha suka koyi karanta leɓen juna daga nesa, da yawansu kuma suka tsufa da kurumta da ciwon ƙirji saboda ƙurar auduga. Ban san lokacin da idona ya kawo ruwa ba. Baffana ma da ƙarfi yake magana har ya bar duniya, kuma sai ya zuba wa bakinka ido yake gane abin da kake cewa. Muna yara mun ɗauka faɗa ne halinsa.

Daga nan na taka zuwa unguwar Ancoats, inda manyan gine-ginen jan bulo masu hawa bakwai da takwas suke jere a bakin hanyar ruwa da aka haƙa da hannu. Wasunsu tun wajen 1798 suke tsaye. Irin waɗannan unguwanni Friedrich Engels, abokin Karl Marx, ya zazzaga kafin ya fitar da littafinsa na 1845 a kan ƙuncin ma'aikatan Ingila, littafin da malamanmu masu ra'ayin gurguzu suka riƙa jiƙa mana muna sha a Samaru. Yau gine-ginen sun zama gidajen kwana masu tsada da ofisoshi da gidajen abinci. Haka tashar jiragen ruwa ta Salford, wadda aka rufe a 1982, yanzu wani babban sashe na BBC ne ya tare a wurin. Gari ya cika da dogayen benaye na gilashi da ɗalibai daga kowace nahiya. Ko'ina ka duba hoton ƙudan zuma ne, tambarin garin, har a jikin kwandon shara, ana tuna wa mutane ƙwazon ma'aikatan da saƙarsu ta zama labari.

Da a nan na tsaya, da na dawo da irin labarin da manyanmu suke dawowa da shi: Turawa sun iya, masana'anta ta mutu sun mai da ita gidan haya, mu ma sai mu kwaikwaya. Amma mafi yawan masaƙun Lankasha ba a cikin Mancesta suke ba. Ita kasuwa ce da banki da sito. Aikin kansa a garuruwan kewaye ake yin sa, Oldham da Bolton suna kaɗi, Blackburn da Burnley suna saƙa. Mai son ganin abin da mutuwar masaƙa take yi wa mutane sai ya fita bayan gari. Ni kuma ina da dalilina na son ganin wani ƙaramin gari da ake kira Rawtenstall.

Lokacin da gwamnatin Jihar Arewa ta Sardauna ta ƙudura kafa masaƙar zamani, kamfanin da ta haɗa gwiwa da shi shi ne David Whitehead and Sons, ɗan wannan gari. Su suka zo da ƙwararru, masaƙar Kaduna Textiles, wadda kowa ya sani da KTL, ta fara aiki a 1957 tana fitar da akoko. Ita ce uwa. Bayanta Nortex da Arewa Textiles da UNTL suka biyo, Kakuri ta zama Kakuri. Tun ina yaro nake jin sunan Whitehead a bakin manya, na ɗauka wani ƙaton birni ne ya haife shi.

Washegari da safe muka hau bas ni da yaron, domin jirgin fasinja ya daina zuwa garin tun 1972. Layin da ya rage na 'yan yawon buɗe ido ne, masu sha'awa suke tafiyar da tsofaffin jiragen kwal a kansa. Tafiyar kimanin kilomita 30 ce, arewa da birni. Muna fita sai ƙasa ta fara tashi. Tuddai kore shar, ba itatuwa a kansu sai ciyawa, an yanka su gona-gona da katangun duwatsu da aka jera ba laka ba siminti, tumaki masu kaurin gashi suna kiwo ba makiyayi. Wanda ya fito daga ƙasar Katsina ta yau ba zai ga dabba tana kwana a daji ba mai tsaro ya kasa yin ajiyar zuciya ba. A kan tudun Scout Moor manyan fankoki 26 suna juyawa a hankali, suna samar da lantarki daga iska. Garuruwan kuwa a cikin kwari suke, a matse a bakin kogin Irwell, wanda a nan bai wuce abin da za mu kira rafi ba. Gidajen na dutse ne, a manne da juna layi-layi suna hawa tudu, kowane layi kuma yana gangarowa zuwa inda masaƙa take, ko inda take a da. Jefi-jefi ka hango dogon bututun hayaƙi tsaye kamar hasumiya, ba hayaƙi a bakinsa.

Rawtenstall ba ta kama ƙafar Funtuwa ba wajen girma. Inda aka nuna mana cewa nan babbar masaƙar gidan Whitehead take, wani katafaren kanti ne da filin ajiye motoci. Wata masaƙar da ɗaya daga cikin 'yan gidan ya gina a 1856, mai suna Ilex Mill, tana nan tsaye, an mai da ita gidajen kwana. Sunan kamfanin ma ya fi rai a Zimbabwe, inda har yau ake da kamfanin saƙa mai amsa shi, fiye da a garin da ya fito. Ruwa ya kore mu muka fake a wani ɗan shago da ake kira Fitzpatrick's, wanda tun wajen 1890 yake sayar da jiƙe-jiƙen saiwoyi da ganyaye, ba ya sayar da giya. Ragowar wani tsohon yunƙuri ne na hana ma'aikata shanye albashinsu a mashaya. Na sha wani baƙin jiƙo mai zaƙi-zaƙi, kai ka ce an haɗa zoɓo da sassaƙe. Wani dattijo da muka zauna kusa da shi, da ya ji daga inda muka fito, ya ce mahaifiyarsa masaƙiya ce, kuma tun yana yaro yake jin ana cewa aikin ya koma ƙasashen waje. Bai faɗa da ɗaci ba. Ni ne dai na ji wani iri, domin ƙasashen wajen nan har da mu.

A nan lissafin shekaru ya tsaya mini a rai. Lankasha ta kai ƙololuwarta ne dab da yaƙin duniya na farko. A 1912 Ingila ta saƙa yadi wajen biliyan 8. Yaƙin ya yanke ta daga kasuwanninta, Indiya da Japan suka faɗaɗa nasu masaƙun, Gandhi ya sa Indiyawa suka ƙaurace wa yadin Ingila, har a 1931 ya zo garin Darwen, nan kusa, ya gana da ma'aikatan da ƙauracewar ta raba da aiki. A 1959, shekara biyu kacal da buɗe KTL, majalisar Ingila ta yi dokar da gwamnati za ta biya masu masaƙu kuɗi su farfasa injinan da suka yi musu yawa. Wato lokacin da ake kaɗe-kaɗen buɗe masaƙa a Kaduna, su a nan likkafaninta suke ɗinkawa. A ganina abin da ya kai mutanen Whitehead Kakuri shi ne kusanci da gonar auduga, da arahar ƙwadago, da kasuwar da harajin kwastan zai kare musu. Jari ya bi inda sauƙi yake, kamar yadda daga baya ya bar mu ya nufi ƙasar Sin.

Wannan ya girgiza wani abu da na daɗe ina riƙe da shi. Shekara da shekaru ina cikin masu cewa sakacin shugabanni ne kaɗai ya kashe Kakuri: karyewar Naira tun daga 1986, rashin wuta, tsadar baƙin mai, buɗe ƙofa ga yadin waje a 1997, da fasa-ƙwaurin atamfa ta kan iyaka. Duk gaskiya ne, ban janye ko ɗaya ba. Sai dai ga mutanen da wutarsu ba ta ɗaukewa, kwastansu ba ya gyangyaɗi, su ma suka ƙago injin, amma masaƙa ta mutu a hannunsu. Saboda haka idan ɗan takara ya tsaya a Kaduna, kamar yadda ake yi duk kakar zaɓe, ya ce zai tayar da masaƙu su koma yadda suke a 1980, ya kamata a tambaye shi da wace wuta, da wace auduga, kuma wa zai bar atamfar Sin mai araha ya sayi tasa. Muna da abin da Lankasha ba ta taɓa samu ba, gonar auduga a bayan gida da kasuwar mutum fiye da miliyan 200, don haka ban yanke ƙauna da a sake saƙa a Arewa ba. Amma injin yau ba ya neman hannu da yawa. Ko masaƙa ta dawo, kekunan ƙarfe biyu ba za su dawo ba.

Da azahar muka haura wani tudun muka gangara Burnley, wadda masu kallon ƙwallo suka san sunanta. A 1911 mutanenta sun haura 100,000, daga nan ta yi ta raguwa. A nan muka ga ɗaya fuskar. Shaguna da dama a rufe, waɗanda ke buɗe kuma akwai na caca da na gwanjon sadaka. Gidajen garin suna cikin mafi araha a duk Ingila, abin da ke nuna ba a rububin zama. Muka yi sallah a wani masallaci na 'yan asalin Pakistan. Iyayensu da kakanninsu sun zo ne a shekarun 1950 da 1960 don su riƙe aikin dare, wanda 'yan ƙasa suka fara gudu. Ba su daɗe da kafa iyali ba masaƙun suka rufe, aka bar su da Turawan da su ma ba su da aikin, kowa a unguwarsa yana zargin wancan da cinye rabonsa. A 2001 tarzoma ta ɓarke a Oldham da Burnley. Mutumin Kaduna ba ya bukatar dogon bayani a kan wannan. A masaƙa Bahaushe da Bajju da Tibi da Idoma da Bayarabe layi ɗaya suke bi su karɓi albashi, ƙungiyar ƙwadago ɗaya take magana da yawunsu. Shekarun da masaƙun suke durƙushewa su ne shekarun da gari ya dare gida biyu, kogi ya zama iyaka, bayan rikicin 2000 da na 2002, shekarar da KTL ta rufe. Rikicin yana da wasu dalilan da kowa ya sani. Abin da na gani da idona dai shi ne an rasa wuri guda da yake tilasta wa mutane sanin sunan juna.

A gefen Burnley, a ƙauyen Harle Syke, akwai masaƙar Queen Street, wadda aka gina a 1894 ta yi ta aiki da injin tururi har 1982. An bar ta yadda take, injinan saƙa wajen 300 a jere a zaure ɗaya, belolinsu suna rataye daga sama, warin mai da auduga bai gama fita ba. Ita ma akoko take saƙawa. Hukumar lardi ta taɓa rufe ta a 2016 don ƙarancin kuɗi, daga baya aka sake buɗewa. Yaron nan, wanda a Kaduna aka haife shi, ya tsaya ya yi shiru, can ya juyo ya ce, "Kawu, wai da gaske a Kakuri ma akwai irin wannan?" Bai taɓa jin jiniyar ba. Abin da ya sani na Kakuri shi ne dogayen katangu da ciyawa ta cinye bayansu, da rufin kwano da iska ta yaye, da ƙarafan da 'yan gwangwan suke zawarci. Sai da ya je Ingila ya ga aikin da kakansa ya kurumce a kansa. Zaure ɗaya da injina goma, in an kulle an ba wa mai gadi, da sun ishe mu nuna wa irinsa, kuma ba su kai kuɗin mota ɗaya cikin jerin gwanon gwamna ba.

Akwai kuma abin da ya fi wannan ciwo. Dokar nan ta 1959 ta sharɗanta cewa sai an biya ma'aikatan da za a sallama diyya, a 1965 kuma aka yi wata dokar da ta ba ma'aikatan ƙasar haƙƙin kuɗin sallama idan aiki ya ƙare. Ga fanshon gwamnati, ga asibiti kyauta tun 1948. Waɗannan ba su hana Burnley talauci ba, na gani da idona. Sun dai hana mahaifiyar dattijon Rawtenstall yin bara. Ya ce a gidanta ta tsufa, a gidanta ta mutu. Baffana kuwa wata safiya ya je aiki ya tarar da ƙofa a garƙame. Aka ba su takarda mai ɗauke da lissafin haƙƙinsu, aka ce su saurara. Ya sayar da keken, ya koma gadi a wani shago, duk taron tsofaffin ma'aikata yana sahun gaba, yana kallon bakin mai jawabi. Ya rasu bai karɓi ko kwabo ba. Irinsa dubbai ne, wasu suna raye, wasu magadansu ne suke jiran. Duk wanda zai yi maganar sayar da filayen masaƙun nan, ko mai da su rukunin gidaje irin na Ancoats, daga kan wannan bashi ya kamata ya fara.

Mun koma Mancesta wajen ƙarfe tara na dare, rana ba ta gama faɗuwa ba, muka zauna jiran magariba.

Da na dawo gida na je gaishe da matar baffana a Kaduna, na kai mata tsarabar shayi da mayafi. Bayan mun gaisa na roƙe ta ta nuna mini takardun marigayi. Ta shiga ɗaka ta fito da wata baƙar leda, ta warware ta a hankali: katin shaidar aiki mai hotonsa yana saurayi, da takardar lissafin nan wadda ta yi laushi don yawan ninkewa. Ta ɗaga kai ta dube ni.

"Ɗan nan, ko an ce za a biya ne?"

Na ce, "A'a, Inna, gani kawai nake son yi."

Ta karɓa ta ninke, ta mai da su cikin ledar, ta ɗaure bakinta.